Sarƙar Lemun Tsami a Wuyan Obispo

Shekarar da aka binne Nicanor, mijin Doña Eduvina, ruwan sama ya yi wata guda cur bai ɗauke ba a Tres Esteros. Itacen da marigayin ya faskara ya bari a fili bai samu mai shigar da shi rumfa ba, ya jiƙe sharkaf. In ta hura murhu sai hayaƙi ya cika ɗakin, ta zauna tana share ido, ba ta san na hayaƙi ba ne ko na rashi. Ran nan da hantsi sai ga maƙwabcinta Don Froilán Antilef da amalanken shanunsa. Bai yi dogon sallama ba, ya shiga jibge busasshen itace a rumfarta yana loda jiƙaƙƙen nata.

"Don Froilán, mene ne haka?"

"Musaya muka yi, maƙwabciya. Ni jiƙaƙƙe na fi so, ya fi daɗewa yana ci. Ni na cuce ki, sai ki yafe mini."

Duk sauran watan tana hango rufin gidansa yana tuƙa hayaƙi kamar ana ƙona ɗanyar ciyawa, wani lokaci har ta jiyo shi yana zagin murhu. Ta dai sa sunansa cikin addu'arta ta yamma, bayan na 'ya'yanta.

A nan ƙauyen aka haifi Don Froilán, kuma tun tasowarsa aikinsa jan gungume da shanu zuwa wajen masu yankan katako, har ya bar musu yatsu biyu na hannun hagu. Bai taɓa aure ba. Shi da bakinsa yake cewa ya taɓa zuwa neman wata, uban yarinyar ya tare shi da zancen shanun noma, suka yi ta yi har rana ta faɗi, sai da ya kama hanyar gida ya tuna abin da ya kai shi. Da ƙarfi ya ragu ya tsaya a gida da shanu biyu, da kaji, da agwagi, da gonar dankali, da 'yan kunyoyin latas. Sai kuma karensa.

Karen nan a tsakiyar sanyi aka ba shi shi, ko idonsa bai gama buɗewa ba. Don Froilán ya rasa inda zai sa shi ya ji ɗumi, sai ya tura shi cikin kwandon 'ya'yan agwagwa da ke gefen murhu. Abin da ya ɓata shi ke nan. Ya tashi bai san shi kare ba ne. In agwagi sun yi jerin gwano zuwa rafi yana biye a ƙarshen layi, abin da suka tsattsaga shi yake lasa, inda suka kwanta nan yake miƙe ƙafa. Baƙi ne wuluk da farin zobe a wuya, shi ya sa maigidansa ya raɗa masa Obispo, wato babban limamin coci. Doña Eduvina ba ta taɓa yarda sunan nan ya fito daga bakinta ba. Ita "bawan Allahn nan" take ce masa.

Abin da aka fi sanin Don Froilán da shi kuwa shi ne yarjejeniyarsa da yanyawa. Wata shekara can baya ta ɗauke masa kaji goma sha ɗaya cikin mako biyu. Ya aro bindiga, ya laɓe bayan rumfa da sanyin safiya. Da ta ɓullo ya ɗaga zai harba, sai ya ga nonuwanta suna lilo, mai shayarwa ce. Ya sauke bindigar ya ce mata, "To, baiwar Allah, mu yi magana." Daga ranar, kullum da yamma yakan zuba sauran abinci da hanjin kaza a wani tsohon kwanon sha, ya ajiye bakin shinge, dab da inda agwagi ke kiwo. Ita kuma ta bar masa kajinsa. Waccan ta mutu, 'yarta ta gaje ta, jikarta ta gaji 'yar, shekara ashirin da 'yan kai, kuma kowacce Doña Chilla yake kiranta, don chilla ake ce wa yanyawa a can.

Don Evaristo Mansilla, wanda gonarsa ke ƙetaren rafi, shi ne bai taɓa ganin kyan abin ba.

"Kai, Froilán, a gidanka take cin tuwo, a nawa take cin nama! Ka aure ta mana mu huta, tunda ka rasa mata."

"Ai ba ta son mai yatsu takwas. Kai ma da ka yi mata sallama da mutunci da ta bar ka. Rowa ce ke cinye maka kaji, ba ita ba."

Cikin watan Mayu, da ruwa ya kankama, Obispo ya fara tari. Busasshen tari ne mai fitowa daga can ciki, ya miƙe wuya kamar zai amayar da wani abu, ba abin da ke fita. Don Froilán bai damu ba, don maganin tarin kare kowa ya san shi. Ya samo lemun tsami guda bakwai, ya huda su, ya zura a igiya, ya ɗaura wa karen a wuya. Lemun na bushewa, tarin na bushewa. Haka ubansa ya yi, haka kakansa.

Lemu ya bushe ƙayau, tari ya ƙaru.

"Na gano inda aka yi kuskure," ya ce wa Doña Eduvina ta kan shinge. "Na kanti na sayo. Ai sai wanda aka ba ka kyauta yake ci."

Ta shiga ɗaki ta kawo masa bakwai daga cikin waɗanda 'yarta ta aiko mata. Aka sake sabuwar sarƙa, har da ƙonanniyar totuwar masara a tsakanin kowane biyu, don ƙarin ƙarfi. Obispo ya riƙa yawo da ita yana ƙamshi kamar mai shayi. Amma ya daina bin agwagi har rafi. Yakan tsaya a rabin hanya ya zauna yana haki, su wuce su bar shi. Haƙarƙarinsa suka fara ƙirguwa. Don Froilán, mai zolayar kowa, ya koma shan shayinsa na ganyen mate shi kaɗai a bakin ƙofa, hannunsa ɗaya a kan karen.

Doña Eduvina ba mai yawan magana ba ce, karatunta ma aji uku ne, amma ba abin da ke gilmawa ta gabanta ta kasa gani. Wata safiya ta fito tatsar saniyarta, gari ya yi fari da hazo, sai ta ji tarin daga bayan shinge. Ta ce a ranta, bawan Allahn nan ya fito da wuri yau. Ta leƙa. Ba shi ba ne. Doña Chilla ce tsaye gefen kwanonta, ta miƙe wuya tana irin tarin nan sak, ba bambanci ko na gashi ɗaya. Ta gama, ta tsuguna ta yi kashi a kan wani dutse kamar yadda ta saba, ta shige cikin ƙaya.

Ta gama tatsa ba ta koma ɗaki ba, ta tsaya da bokitinta. Dodon koɗi, irin tsiraran nan marasa gida a baya, da ke cika ko'ina in ƙasa ta jiƙe, sun yi dafifi a wajen, a kan sabon kashin da tsofaffin da ke kewaye. Can Don Froilán ya buɗe wa agwagi. Suka nufo wurin da gudu suna wawaso, Obispo a bayansu yana jan ƙafa, lemu na kaɗawa a wuyansa. Ya sa baki ya haɗiye dodon koɗi ɗaya, ya yamutsa fuska, ya ƙara wani.

Da rana ta kai masa burodi mai zafi ta faɗa masa abin da ta gani.

"Haba, maƙwabciya! Shekara nawa yana cin abin nan? Tun yana agwagwa."

"Ni dai tarinsu iri ɗaya ne."

"Ni ma ai ina tari. Sai ki ce ni ma dodon koɗi nake ci?"

"Ban san me kake ci in na juya baya ba, Don Froilán."

Ya yi dariya, ta farko cikin kwanaki, amma bai yarda ba. Ita kuwa ta san ruwa ba ya tsami banza. Ranar Alhamis ta shiga motar safe ta kai cukunta gari, ta tambayi inda likitar dabbobi take. Wata 'yar siririya ce mai takalman roba har gwiwa, ana ce mata Likita Paulina. Doña Eduvina ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya, ta zayyana komai bi da bi: ranar da tari ya fara, sarƙa ta farko, ta biyu, dutsen, dodon koɗin.

"Mama, kin taɓa aiki a asibiti?"

"A'a, 'yata. Shinge ne kawai tsakaninmu."

"To kin yi mini rabin aikin." Ta miƙo mata wata kwalba mai murfi. "Kashin karen nake so, na safiya uku a jere."

Da Don Froilán ya ji saƙon sai da ya cire hula ya sosa kai. "Wato yarinyar nan shekara nawa ta yi a makaranta don a riƙa kai mata wannan?" Amma da ya dubi Obispo kwance yana numfashi sama-sama, ya karɓi kwalbar. Safiya uku ana ganinsa yana bin kare a baya da cokali, Don Evaristo na ƙetaren rafi yana riƙe ciki don dariya.

"Froilán! An ƙara maka girma ke nan? Daga mai shanu zuwa dogarin Obispo!"

Ranar Litinin Doña Eduvina ta naɗe kwalbar da takarda ninki uku, ta sa cikin jakar da take zuwa coci da ita, don ita kaɗai ce mai zif. Ta cire littafin waƙoƙi tukuna, ta roƙi gafarar Ubangiji. A mota aka yi rashin sa'a Don Evaristo ne a gefenta. Ya shinshina sau biyu.

"Doña Eduvina, cukun yau ya nuna da yawa fa."

"Saƙo ne," ta ce, ta ci gaba da jan carbinta.

Ranar Asabar Likita Paulina ta zo da kanta a motarta mai buɗaɗɗen baya. Ta duba dasashin karen, ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa ta daɗe. Sannan ta fito da wayarta ta nuna musu hoto: wani siririn abu mai lanƙwasasshiyar jela, kamar zaren da ya warware daga riga.

"Wannan ɗan tsutsa ne, daga cikin kwalbar na same shi. Iyayensa suna can cikin huhun karenka da jijiyoyin da ke kusa da zuciya. A huhun yanyawa suke zama, ita ta saba ɗaukarsu. In ta yi tari 'ya'yan su hau maƙogwaro ta haɗiye, su fita a kashi. Dodon koɗi ya bi ta kai ya kwasa. Kare ya haɗiye dodon koɗi, shi ke nan sun samu sabon gida."

Don Froilán ya ƙura wa hoton ido. "Ɗan wannan abin?"

"Shi. Yana kashe kare, Don Froilán. Wani jini ne zai ƙi tsayawa, wani zuciyar ce za ta gaza. Naka ya yi nisa, amma ba mu makara ba."

Ta ba shi magani na kwana da kwanaki, ta ce a ɗaure karen, ba gudu, ba rafi, ba agwagi. Ta kai hannu za ta yanke sarƙar.

"A'a, likita, bar masa. Na maƙwabciya ne, kyauta ta ba shi."

"To ya sha ado. Amma in na ji ka tsallake maganina kwana ɗaya, kai zan rataya wa kabewa."

Ta juya ta dubi kunyoyin latas da ke 'yan taku kaɗan daga shingen. Ta ce akwai wata irin tsutsar huhun yanyawa da ƙwanta ke zama a ƙasa, wadda takan kama mutum, ko da yake ba kasafai ba. A wanke ganye sosai kafin a ci, a wanke hannu in an taɓa ƙasar wurin, kashin kuma a kwashe da shebur a binne. "Kai ma da tarin nan naka, ka je asibiti a duba ka." Ya je daga baya, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ce ba tsutsa, hayaƙin murhu ne na shekara saba'in. Ya dawo yana cewa shi kam an raina masa hankali, ko tsutsa ba ta so shi ba.

Amma a ranar, maganar da ta tsaya masa a wuya ta ƙarshe ce. Likita ta taɓa kwanon shan da ƙafarta.

"Wannan zai tashi."

"Wannan? Ai na Doña Chilla ne."

"Muddin kana zuba mata, nan za ta riƙa zuwa, nan za ta riƙa barin abin da ta ɗauko. In na warkar da shi yau, kafin bazara ya sake kamuwa, kuma ban yi maka alkawarin zai tashi karo na biyu ba."

"To a cusa mata maganin cikin nama mana."

"Ta sha, ta koma daji ta sake ɗauka. Kuma ba ita kaɗai ke lasar kwanon ba. Ban ce ka harbe ta ba, ka harbe wannan wata ta maye. Ka daina kiranta kawai. Ta iya neman abincinta, ba kai ka koya mata ba."

Ya ce to. Amma da yamma Doña Eduvina ta hango shi ya ɗauki kwanon ya matsa da shi taku goma, bayan wata bishiya, ya zuba hanji a ciki yana waige-waige. Sabo turken wawa. Ba ta tona shi ba.

Kwana na huɗu da fara magani Obispo ya tashi zai sha ruwa, ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya faɗi. Ɗan jini ya ɗiso daga hancinsa. Don Froilán ya ƙwala mata kira da wata murya da ba ta taɓa jin ta ba. Ta zo da gudu, ta kira likita a wayar da 'yarta ta saya mata, aka faɗa musu abin yi kafin ta iso. Har la'asar suna zaune a ƙasa, shi da kan karen a cinyarsa, ita tana jan carbi a hankali. Likita ta zo ta yi allura, ta ce a jira gobe a gani.

Da ta tafi, Don Froilán ya miƙe. Ya je bayan bishiyar ya ɗauko kwanon, ya zuba masa tafasasshen ruwa, ya goge, ya miƙo wa Doña Eduvina.

"Tafi da shi gidanki. In yana nan hannuna ba zai ji magana ba."

Washegari Obispo ya ɗaga kai ya lashi romo. Bayan mako ya tsaya da ƙafafunsa. Don Froilán ya sayo waya mai raga ya kewaye kaji, ya yi wa agwagi nasu shingen, ya bi bakin gona da shebur. Don Evaristo da kansa ya ƙetaro rafi ya taya shi kafa turaku, yana aiki yana tsiya.

"Ashe auren ya mutu? Wa ya saki wani?"

"Riƙe turken nan da kyau, kai dai. Yanzu ni da kai duk kajinmu ɗaya a wajenta."

Ranar da wata ya cika da fara magani, mai kai gas ya tsaya a bakin hanya, sai aka ji haushin Obispo, cikakke, daga ƙirji. Don Froilán ya fito da cokali a hannu yana kiran maƙwabciya ta zo ta ji. Da likita ta sake duba kwalba ta ce ba komai, sai ya ce ai dama ya san lemun kyauta ba ya ƙarya, ko da yake maganin yarinyar ma ya ɗan taimaka. Obispo ya mai da jikinsa. Abin da bai gane ba har yau shi ne laifin da ya yi aka raba shi da danginsa. Yakan kwanta a wannan gefen raga, agwagi a wancan, suna kallon juna.

Doña Chilla kuwa yamma tara a jere tana zuwa. Takan zauna daidai inda kwanon yake da, ta naɗe jela a kan ƙafafu, ta dubi ƙofar gidan. Wani lokaci ta yi tarin nan. Doña Eduvina tana ganin ta daga tagarta, tana kuma ganin Don Froilán ya juya kujerarsa ya ba taga baya, ya ƙure rediyo. A ta goma ba ta zo ba. Sai jefi-jefi a hango ta can gefen daji tana farautar ɓera.

Wata Lahadi Doña Eduvina ta fito za ta coci, ta same shi jingine da shinge, hula a hannu, abin da ba ya yi. Shi ba mai zuwa coci ba ne sai jana'iza. Ya taka mata har bakin gada yana zancen dankali, yana zancen ruwa, har ta gane akwai magana. A kan gadar ya tsaya.

"Maƙwabciya, carbin nan naki ƙwaya nawa ne?"

"Hamsin da tara."

"Kowace ƙwaya da wanda kike yi wa addu'a a kanta?"

"Kusan duka. Me ya faru?"

Ya juya hular a hannunsa, ya dubi gefen daji.

"Shi Obispo yana da likita, yana da ni. Ita ba ta da kowa, kuma tarin yana nan. Ni na karya alkawari, ba ita ba. In akwai ƙwaya ɗaya da ta rage, ko 'yar ƙarama ce ta wajen ƙarshe, ki ba Doña Chilla. Kada dai Fadan cocinku ya ji, kuma don Allah kada Evaristo ya ji."